Kunkurun Teku a Bahon Wanka

Ƙanina ba ya shigowa gidana hannu rabbana. Haka mahaifiyarmu ta rene mu. Wanda ya yi tafiya, ko daga nan zuwa ƙauyen gaba ne, ya dawo da tsaraba, wanda aka kawo wa kuma ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ko da abin bai yi masa ba. Ba a raina tsaraba a gidanmu, ba a kuma mayar da ita. Mun baro Katsina mun zo Riyadh, amma wannan ɗabi'a ba mu baro ta ba. Ni kaina duk shekarar da za mu je gida sai na yini a kasuwar Dira ina zaɓen turaren wuta da sallaya da abayoyi, ina tuno 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya ce an manta da shi.

Shi ƙanin nawa, wanda shi ne autanmu, direban babbar mota ne. Yana zaune a Sulay, a gidajen ma'aikata da ke bayan manyan sitoci. Yau ya yi arewa da kayan gini, jibi ya yi kudu da kwalaye. Duk inda ya je sai na sani, domin zai ƙwanƙwasa ƙofa da leda a hannu: dabino, zuma, wani lokaci mangwaron kudu da ya rantse ya fi na gida zaƙi. Maigidana ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a nan, kuma tsakaninsa da auta akwai wasa irin na miji da ƙanin mata. Ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

Wata Alhamis cikin tsananin sanyi, bayan la'asar, na ji ana dukan ƙofa da ƙafa. Da na buɗe sai ga auta rungume da wata faffaɗar roba, an rufe ta da jiƙaƙƙen tawul, shi kuma yana haki.

"Yaya, buɗe ƙofar da kyau. Yau tsarabarki numfashi take yi."

"Kai dai ba ka rabo da abin mamaki. Kaza ce?"

"Kaza? Ni zan ɗauko miki kaza tun daga bakin teku?"

Ya ajiye robar a tsakar falo ya yaye tawul ɗin. Kunkuru ne, girmansa kamar faifai. Sai da na dafa ƙirji.

A gidan kakarmu akwai wani tsohon kunkuru da ya girmi babanmu. A ƙarƙashin rumbu yake kwana, kuma ni ce mai ba shi ganyen rama da ɓawon kankana. Ranar da aka kai ni makarantar kwana na yi kuka har da majina, da aka tambaye ni wa zan yi kewa na ce kunkuru. Har na yi aure ana tsokanata da wannan magana. Auta yana ƙarami lokacin, amma bai manta ba. Ya ce yana ganin wannan a bakin ruwa ya ce a ransa, wannan na Yaya ne.

Na karɓa da hannu biyu. Na sa masa albarka har ya fara sunkuyar da kai.

Sai da na durƙusa na duba shi sosai na ga ba irin na gidan kakarmu ba ne. Ƙoƙon bayansa launin shayi ne mai zane-zane, bakinsa a lanƙwashe kamar na shaho. Ƙafafunsa na gaba dogaye ne faffaɗa, ba yatsu, sun fi kama da fukafukai. Na taɓa kansa ina jira ya maƙale cikin ƙoƙo yadda na sani, amma bai maƙale ba. Ya dai lumshe ido. A bayansa da gefen wuyansa kuma wasu abubuwa farare masu tauri sun manne, kamar ƙananan duwatsu. Ban da shi, auta ya zo da ledar katantanwa da wuri da wasu fararen duwatsu masu rassa, ya ce na yara ne.

Na tara ruwa mai ɗumi kaɗan a bahon wanka muka saka shi. Na yanka latas da tumatir da kokwamba na zuba masa a gaba. Ko kallo ba su ishe shi ba. Na ce gajiyar hanya ce. Can na tuna an ce ruwan teku gishiri ne da shi, sai na ɗauko gishirin miya na zuba, na dama da ludayi, na ɗanɗana, na ƙara. Auta yana tsaye a bakin ƙofa yana ba ni shawara, shi da sau ɗaya ya taɓa ganin teku a rayuwarsa, ni kuwa ko sau ɗayan ban taɓa ba.

"Ƙara, Yaya. Na ɗanɗana na can, har ɗaci yake yi."

Waɗancan fararen abubuwa suka tsaya mini a rai. Na ɗauko cokali na sa a ƙarƙashin guda ɗaya da ke gefen ƙoƙon na ɗaga a hankali. Ya ɓalle, amma sai ga ɗan jini a gurbinsa, kunkurun kuma ya motsa ƙafa da ƙarfi. Na ajiye cokalin ban sake taɓawa ba. Da na duba fuskarsa sai na ga wani ruwa mai yauƙi yana gangarowa daga idanunsa kamar hawaye. Na zauna a bakin bahon har aka kira magariba.

Maigida ya dawo daga aiki ya tarar da yara sun cika banɗaki suna ihu da Larabci. Ya leƙa, ya fito yana dariya.

"Direba, saura raƙumi ke nan. Ranar da ka kawo shi ka faɗa mini da wuri na fasa bango."

Auta, wanda shi ma maigidan Yaya yake ce masa, ya ce, "Yaya, kai dai baƙin ciki kake yi ba a kawo maka komai ba."

Suka zauna cin abinci ana ta raha. Sai maigida ya tambaye shi inda ya saye shi.

"Saye? Tsinta na yi."

Ya ba da labari. Ya kai kaya wani gari a gabar gabas, da aka gama saukewa ya ce yau sai ya ga teku da idonsa. Ya yi sallar asuba a gefen hanya, ya bi wani dogon shinge da ƙafa har inda shingen ya ƙare a ruwa, ya zagaya ya shiga. Yashi fari tas, ba kowa, ba kwale-kwale ko ɗaya. A nan ya gan shi, igiyar ruwa tana turo shi tana ja, tsuntsaye suna shawagi a kansa.

Maigida ya ajiye cokali. "Shinge ka ce? Ba ka ga allo ba?"

"Na gani mana. Da hoton kifi da na kunkuru, an ja jan layi a kai. Ai na gane, cewa suka yi kada a ci. Ni kuwa ba ci zan yi ba."

Na yi dariya, amma maigida bai yi ba. Ya ce wa yara su shiga ɗaki.

"Mahmiyya ka shiga," ya ce. "Wuri ne da hukuma ta keɓe. Yadda ake keɓe daji a hana farauta, haka suke keɓe wani yanki na teku da gaɓarsa. Ba a kamun kifi sai da izini, ba a jefa ƙarfen tsayar da jirgi a kan murjanin da ke ƙasan ruwa, ba a haƙa yashi a kwashe ƙwai, ba a ɗaukar dabba mai rai ko matacciya. Har waɗannan duwatsun da ka kwaso a leda. Shi kuma wannan kunkurun, ko a wajen shinge ka gan shi doka ta hana a taɓa shi, saboda irinsu sun yi ƙaranci. Abokan aikina da ke zuwa hutu can suna faɗa, tarar ba ta wasa ba ce. Ga ka baƙo, da iƙama, da kafili."

Iƙama ita ce takardar zaman baƙo a ƙasar nan, kafili kuma shi ne wanda ya ɗauko ka aiki yake tsaya maka. Duk wanda ya zauna a nan ya san nauyin waɗannan kalmomi biyu. Auta ya janye hannunsa daga kwano.

"To gobe da sassafe na kai shi Wadi Hanifa, can wajen Dir'iyya. Akwai ruwa. Na sake shi, shi ke nan, ba wanda ya gani."

"A rafi?" in ji maigida.

"Ruwa ai ruwa ne, Yaya."

"Kai ma iska ai iska ce, mu saka ka a firiza mu gani."

"To na mayar da shi inda na ɗauko."

Maigida ya ce, "Yaushe za a sake tura ka gabas?"

Auta dai ba shi ke zaɓen hanya ba. Zai iya yin wata guda ba a tura shi can ba, kuma ko an tura shi, sai ya sake zagaya shingen nan da kunkuru a hannu.

Maigida mutum ne mai gudun fitina, kuma yana son auta kamar ƙanin cikinsa. Ya ce a bar maganar a cikin gida. A ci gaba da kula da shi, in ya rayu a san yadda za a yi, in kuma ya mutu a binne shi a bayan gari. Ni dai na kwashe kwanuka.

Da safiyar Juma'a na shiga banɗaki na tarar da shi yana yawo a saman ruwa a karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya nutsewa. Sai ya daɗe kafin ya ɗaga kai ya ja numfashi, numfashin ma da wani sauti kamar na tsoho mai asma. Na aiki maigida ya sayo jatan lande, na yanka ƙanana na kai masa har baki. Bai buɗe ba. Na yi kiwon kaji, na yi kiwon awaki a gida, na san idon dabbar da ta fara sallama. Wannan ba zai kai wata guda ba. Ko mako ban ga alamar zai kai ba.

Ina zaune a kan sallaya bayan walaha sai tantabarun Makka suka faɗo mini a rai. Duk wanda ya je umara ya gan su, suna yawo tsakanin ƙafafun mutane ba tsoro, mai yunwa ya wuce su, yaro ya wuce su, ba mai miƙa hannu. Mahaifiyarmu da ta dawo daga aikin hajji ta daɗe tana ba mu labarin yadda aka gargaɗe su cewa ko reshen itace kada su karya a cikin Harami. Ban ce dokar hukuma daidai take da ta Harami ba, Allah Ya tsare ni da faɗin haka. Amma a nan na fahimci abin. Ashe akwai wurin da ake ja wa iyaka a ce abin da ke ciki ya zauna lafiya, kuma mu Musulmi ba baƙin wannan ba ne. Da can in an ce doka, 'yan sanda nake gani da tara. Ranar na ga wani abu dabam. Shingen nan gidan wannan bawan Allah ne aka kewaye masa, mu kuma muka shiga muka ɗauko shi muka kawo shi tsakiyar hamada, muka sa shi a baho da gishirin miya.

Na kira malamarmu ta karatun mata, wata dattijuwa 'yar Zariya da mijinta likita ne a nan. Na faɗa mata komai ban ambaci auta ba. Ta ce dabbar da mutum ya tsare, haƙƙinta yana wuyansa, ko ya ciyar da ita abin da take ci ko ya kai ta inda za ta ci. Ta ce keɓe wuri don a kare ciyawa da dabbobi ba sabon abu ba ne a addini, kuma bin hukuma a kan abin da zai amfani halitta ba ya buƙatar dogon tunani. Sannan ta ce, "Ke dai kin san abin da ya kamata tun kafin ki kira ni." Gaskiyarta ne.

Bayan an sauko daga masallaci auta ya zo cin abinci kamar yadda ya saba duk Juma'a. Na bari suka ƙoshi, na kawo shayi, sannan na zauna.

"Zan kira hukumar kula da namun daji su zo su ɗauke shi."

Auta ya dube ni kamar na mare shi. "Yaya, so kike a sa ni a jirgi?"

"Ba na so."

"To me na yi miki? Tsaraba na kawo miki. Tun yaushe aka fara kai tsaraba wurin hukuma a gidanmu?"

Wannan ta shige ni, don ya san inda zai taɓa. Na ce, "Na karɓa, na gode, kuma har gobe ina godiya. Tun da ka ba ni ya zama nawa, ko ba haka ba? To nawa ne yake mutuwa a banɗakina. Ni za a tambaya ranar da ba kafili ba iƙama."

Maigida ya ce, "Ki yi tunani dai. Yaron nan shi ke riƙe da Hajiya, mahaifiyarku, a gida."

"Na yi tunani, Abban yara. Cewa zan yi yana gidana, ni ke da shi, su zo su ɗauka. Ba zan kai sunan kowa ba. Amma in sun tambaye ni yadda ya zo, ba zan yi ƙarya ba, kun san ni. Shi ya sa na faɗa muku kafin na kira." Na juya wurin auta. "In ka ga dama kada ka zo ranar. Ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya tashi ya shiga banɗaki ya rufe ƙofa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito idonsa ya yi ja.

"Jiya da na ɗauko shi yana dukan robar da ƙafa har Riyadh," ya ce. "Yanzu na taɓa shi ko motsi bai yi ba." Ya ɗauki makullinsa. "Kira su."

Maigida ya nemo lambar a waya ya miƙo hannu zai yi magana, na ce ni zan yi. Larabcina na kasuwa ne da na maƙwabta, amma ya ishe ni. Wani mutum ya ɗauka, na yi sallama na ce ina da kunkurun teku ba shi da lafiya. Ya tambaye ni wane gari a bakin teku. Na ce Riyadh. Ya ce a'a, ina kunkurun yake. Na ce Riyadh, a banɗaki. Ya sake tambaya a hankali kamar mai magana da kurma. Na maimaita. Na ji ya kira wani kusa da shi yana faɗa masa. Daga nan ya ce na ɗauki hotonsa na tura, kada na ba shi abinci, kada na ɓamɓare komai a jikinsa, na rage ruwan yadda zai iya ɗaga kai ba wahala, na kuma rufe taga saboda sanyi. Za su zo da safe.

Washegari tun kafin su iso sai ga auta. Ya yi aski, ya sa farar jallabiyarsa ta Idi, iƙamarsa a aljihun gaba.

Maigida ya dube shi sama da ƙasa. "Direba, ɗaurin aure za ka?"

"In tafiya ce, gara na tafi da tsabta."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Na shiga kicin na tsaya ina juya tukunyar da ba ta buƙatar juyi.

Su biyu suka zo, wani jami'i cikin kakin aiki da wata likitar dabbobi, matashiya, da babban akwatin roba mai huji-huji. Na kai likitar banɗaki. Ta durƙusa, ta sa safar hannu, ta ɗaga shi ta duba ciki da ido da baki, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar jariri. Ta ga ledar gishiri a gefe ta tambaye ni. Na faɗa mata. Ta rufe baki da bayan hannu tana dariya, ta ce, "Hala, miya za ki yi da shi?" Hala suke ce wa babbar mace, kamar a ce inna. Na ce teku na so na haɗa masa. Ta ce teku ba ya haɗuwa a kicin, amma niyyata ta yi kyau.

Ta nuna mini gurbin da na ɓalle, ta ce da na ci gaba da na yi masa raunin da zai kashe shi. Waɗannan fararen abubuwa halittu ne masu rai da ke mannewa a jikin kunkuru idan sanyi ya kama shi ya kasa iyo, kuma su suna da hanyar cire su ba ciwo. Ta ce ƙarami ne, bai ma kai rabin girmansa ba, kuma abincinsa yana tsakanin murjani a ƙarƙashin ruwa, ba latas ba. Na tambaye ta hawayen da na gani. Ta ce ba kuka ba ne, gishirin jikinsa yake fitarwa ta ido. Na ji sanyi a raina, ko da yake har yau in na tuna fuskar nan kuka nake gani.

Na ce, "Zai rayu?"

Ta ce, "Ya galabaita. Amma kin kira da sauran lokaci. In sha Allahu."

Muka fito falo da akwatin. Jami'in yana zaune da maigida, an ba shi gahawa. Ya tambaya cikin ladabi yadda kunkurun teku ya zo Riyadh. Na buɗe baki, amma auta ya riga ni. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ni ne." Ya faɗi komai da gurgun Larabcinsa na direbobi, da shingen, da allon, da tsuntsayen da ke shawagi. Har maganar cewa ya ɗauka ci aka hana bai ɓoye ba. Sannan ya je ya ɗauko ledar katantanwa da duwatsu ya ajiye a gaban mutumin.

Jami'in ya buɗe ledar ya ɗaga ɗaya daga cikin fararen duwatsun. Ya ce wannan murjani ne, kuma ko mataccensa ana barinsa a wurin, don shi ke narkewa ya zama yashin da kunkuru ke haƙawa ya yi ƙwai. Katantanwar da ba kowa a ciki ma wasu ƙananan halittu ne ke shiga su mayar da ita gida. Ya ce mutum ɗaya in ya ɗauki leda ɗaya ba a gani, amma gaɓar ba mutum ɗaya ke zuwa ba, shi ya sa aka hana kowa. Maigida yana fassara mana inda muka kasa ganewa.

Sannan ya dubi auta. Ya ce tausayin da ya sa ya ɗaga shi daga bakin tsuntsaye ba laifi ba ne. Laifin shi ne zagaya shinge da kuma tafiya da shi. Ya ce a ƙasan hoton nan da aka ja wa jan layi akwai lambar waya, an rubuta cewa wanda ya ga dabba a galabaice ya kira. Da ya kira, da kafin la'asar an ɗauke shi, ga wurin jinyarsu nan kusa da teku.

Auta ya ce, "Wallahi hoton kawai na kalla."

Jami'in ya duba iƙamarsa, ya ce ya zo ofishinsu ranar aiki ya maimaita wannan bayani. Ya tafi da ledar, likitar ta tafi da akwatin. Na bi su har bakin mota. Da za a rufe ƙofa na sa hannu ta hujin akwatin na taɓa ƙoƙon bayansa na yi masa addu'a.

Auta ya je ofishin. Maigida ya ɗauki hutun rabin yini ya raka shi, duk da shi ne ya ce a yi shiru tun farko. Sun yi masa tambayoyi, sun ja masa kunne sosai, sun ce an duba cewa mu muka kira da kanmu kuma an same shi da rai. Ba a taɓa zamansa ba, washegari ma ya yi lodi zuwa arewa. Abin da ya faru da mu ke nan. Ban ce haka za a yi wa kowa ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada.

Abin da ya rage mini shi ne kunkurun. Likitar ta karɓi lambata, amma aka daɗe ban ji daga gare ta ba, ni kuma na ji nauyin damunta. Ina sa shi a addu'a bayan 'ya'yana da mahaifiyata, ban ga abin kunya a ciki ba. Sai wata rana ina shanya ta turo saƙon murya, ta ce an kai shi wurin jinya a bakin teku, an cire masa abubuwan nan, ya fara cin abinci da kansa har yana cizon mai ba shi. Na saurara na sake saurara, na tura wa auta.

Da zafi ya fara shigowa, wata Juma'a muna shirin cin abinci, ta turo ɗan gajeren bidiyo. Farin yashi, ruwa shuɗi, mutane sun jera akwatuna a bakin gaɓa suna buɗewa. Kunkuru ba ɗaya ba, da yawa, duk ƙanana, duk tas da su, suna jan jiki zuwa ruwa. Ta rubuta cewa nawa yana cikinsu, kuma a cikin mahmiyyar aka sake su.

Muka haɗa kai a kan wayar.

"Ga shi nan!" in ji auta. "Na gaban nan, mai sauri. Na san tafiyarsa."

"Ina ka san tafiyarsa, kai da a roba ka ɗauko shi?" in ji maigida. "Wancan ne na baya, da ya tsaya yana waige. Gishirin yayarka yake nema."

"Yaya, ke ki faɗa masa. Wanne ne?"

Na mayar da bidiyon baya na duba su ɗaya bayan ɗaya, ina neman ɗan tabo a gefen ƙoƙo. Ban gani ba, hoton ya yi nisa. Abin da na gani shi ne duk wanda ya taɓa ruwa sai ya buɗe fukafukan nan ya wuce kamar ba shi ne ke jan ciki a yashi ba, kuma ba ɗaya da ya rage a gaɓa.

Na ce, "Ban sani ba. Duk sun shiga dai, alhamdu lillahi."

Na bar su suna gardama, na je na sauke shinkafa kafin ta kama.